Wane man giya zan zuba wa motar iyali? An jera min kala huɗu, kowa na cewa nasa ne daidai

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya yi min bayani dalla-dalla, don abin ya tsaya min a rai. Ina da Toyota Sienna, a takarda an rubuta 2007, ta yi tafiyar kilomita 190,000 da 'yan kai. Wata takwas ke nan da na saye ta a hannun wani, kuma ban san rabon da a taɓa man giyarta ba. Kwanan nan da safe in na sa ta a D sai ta ɗan yi jim, sannan ta shiga da ɗan bugu. In ta yi zafi shi ke nan, lafiya lau take tafiya.

Jiya na zaro gejin giyar na goga a farin ƙyalle. Man ya koma ruwan ƙasa mai duhu, amma ban ji ƙauri ba. Na je wurin mai sayar da mai, ya jera min robobi huɗu: Dexron III, T-IV, WS, da wani da ya ce na kowace mota ne. Ya ce duk ja ne, duk ɗaya ne, in ɗauki wanda na ga dama. Zuciyata ba ta kwanta ba, na dawo ban sayi komai ba. Wata mai zuwa za mu yi doguwar tafiya, mu bakwai har da mahaifiyata, ba na so giya ta ba mu kunya a hanya. Wanne zan zuba?

Alhaji Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, in za ka ji tawa, kada ka taɓa man nan. Na fi shekara talatin ina riƙe sitiyari. Motoci nawa na gani suna tafiyarsu lafiya, aka juye musu man giya, ba a rufa mako biyu ba suka zauna. Giyar otomatik ba ta son a dame ta. In geji ya nuna ya ragu ka ƙara, in bai ragu ba ka rufe bonet ka ci gaba da harkarka.

Ɗan Autan Gareji:
2007 ai WS take sha, babu ko tantama. Kuma ko ba haka ba WS ka ɗauka, shi ne sabon fitowa, ya fi T-IV inganci. Mu duk Toyota da ta shigo shi muke zuba mata.

Malam Bakanike:
Baban Hanifa, ka yi daidai da ka dawo hannu rabbana. Jan da kake gani rini ne kawai, ana sa shi don in mai ya ɗiga a ƙasa a gane na giya ne ba baƙin mai ba. Bai gaya maka komai game da abin da ke cikin robar.

Kafin kowa ya ce maka ga wanda za ka saya, ina so ka yi min abu uku. Ka koma ka sake zaro gejin, ka goge shi tas, ka duba jikin ƙarfen da kan mariƙin. Toyota na rubuta sunan man a wurin. Sannan ka duba lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ƙirga zuwa ta goma. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ita ce ke nuna shekarar samfurin: 6 na nufin 2006, 7 na nufin 2007. Na uku, ka duba takardar da ke manne a cikin bonet ka gaya min girman injin, 3.3 ne ko 3.5.

Dalilina shi ne Sienna ta 2004 zuwa 2006 mai injin 3.3 T-IV take sha, daga 2007 da aka koma injin 3.5 sai aka koma WS. A ido jikin motocin kusan ɗaya ne, kuma shekarar da ke kan takarda ba kullum take zama shekarar motar ba. Na sha ganin haka.

Auta, kai kuma ka daina faɗin cewa duk Toyota WS kuke zubawa. Gyara ne nake maka, ba faɗa ba. WS ba ƙanin T-IV ba ne da ya zo ya gaje shi, mai ne daban da aka yi wa giya daban, ya fi shi tsinkewa sosai. Toyota da kanta ta ce kada a musanya su, kada kuma a gauraya su.

Ɗan Autan Gareji:
To Oga, na ji. Amma ni abin da ban gane ba, in dai mai ne mai kyau, me tsinkewar za ta ɓata? Ai aikinsa ya sa ƙarfe kada ya ci ƙarfe.

Malam Bakanike:
Nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna ɗaukar man giya kamar baƙin mai. A giyar otomatik aikin man ya fi haka yawa. Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin kwanbata, wannan dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin inji da giya. Shi ne famfo ke turawa da ƙarfi ta ƙananan hanyoyi ya matse faiba, wato faya-fayan kulocin da ke cikin giyar, lamba ta shiga. Shi ne ke kwashe zafi ya kai lagireto. Sannan ga santsin da ka faɗa.

Abin da ya fi wuya shi ne faiba. A cikin mai suke iyo, amma dole su kama juna. In man ya cika santsi sai su riƙa zamewa, zafi ya tashi, su ƙone a hankali. In kamunsa ya yi yawa sai lamba ta riƙa shiga da bugu, ko motar ta riƙa karkarwa lokacin da kwanbata ke kullewa, kamar kana bin hanya mai gargada alhali titi sumul. Kowane kamfani ya auna kamun da faibarsa ke so, ya haɗa sinadaran man a kan haka, ya kuma saita kwamfutar giyar a kan kaurin wannan man. Giyar da aka yi wa T-IV tana jiran mai mai ɗan kauri. Ka ba ta tsinkakke, kuma ga ta ta tsufa robobin da ke tare mai a cikinta sun saki, ka ga matsin da ke kama faiba zai iya raguwa in ta yi zafi. Wadda aka yi wa WS kuwa, ka ba ta mai kauri, da safe za ta riƙa nauyin canja lamba.

Ba rana ɗaya ɓarnar ke fitowa ba, shi ya sa masu zubawa suke cewa ai ba a taɓa dawo musu da ƙorafi ba. Bayan shekara giya ta lalace, mai motar ba zai tuna da robar da aka zuba masa ba.

Maman Sadik:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Bakanike, Allah ya saka da alheri, ni ma bari in sa baki don Honda Odyssey nake ja, da ita nake kai yara makaranta kullum. Abin da na koya da wahala shi ne Honda tana da nata man. A littafin motata an rubuta ATF-Z1, na yi ta nema ban samu ba, har hankalina ya tashi. Daga baya na gane Honda ta daina yin sa ta maye gurbinsa da DW-1, kuma ta ce a zuba DW-1 a giyar otomatik da a da take shan Z1. To ka ga a nan sabon ya gaji tsohon. Shi ya sa da Auta ya yi maganarsa ban ga laifinsa sosai ba, don akwai inda hakan yake.

Malam Bakanike:
Hajiya, gaskiyarki, kuma kin kawo misali mai kyau. Bambancin shi ne Honda ce da bakinta ta ce DW-1 ya gaji Z1. Haka General Motors da ta fito da Dexron VI a 2005, ta ce ya maye gurbin Dexron III a giyoyinta na otomatik. Toyota ba ta faɗi haka a kan WS da T-IV ba. Ba mu ne za mu yanke wa ya gaji wa ba, wanda ya ƙera giyar ne.

Kuma ko a Odyssey ɗin ba duka ke shan DW-1 ba. A samfurin 2018 da 2019 akwai mai lamba tara da ke shan Type 3.1, akwai mai lamba goma da ke shan Type 2.0. Suna ɗaya, shekara ɗaya, mai biyu.

Baban Hanifa:
Malam, na dawo daga wurin motar yanzun nan, jikina har ya yi sanyi. Na goge gejin da kyau, na haska da fitilar waya, ga T-IV nan a rubuce a jikin ƙarfen, datti ne ya rufe shi ban taɓa lura ba. Ta goma a lambar shasi 6 ce. Inji kuma 3.3. Ashe motar 2006 ce. Da na bi takarda da tuni na zuba WS.

Ɗan Autan Gareji:
Allah ya ba da haƙuri Baban Hanifa, da na sa ka a hanyar da ba ita ba. Oga, na ɗauki darasi, daga yau geji zan fara dubawa.

Alhaji Tsohon Direba:
To an gano sunan mai, madalla. Amma ni har yanzu maganata na nan. Ba sunan man ne damuwata ba, juyen ne. Motar da ta yi kilomita 190,000 ba a san tarihinta ba, ka zo ka zuba mata sabon mai, ka tayar da abin da ke kwance. Malam Bakanike, kai ma ka san abin da nake faɗa, kada ka ce ba ka taɓa gani ba.

Malam Bakanike:
Baba Alhaji, na gani, ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ƙaryata ka ba. Amma mu duba yadda abin ke faruwa. Yawancin mutane ba sa tuna man giya sai giyar ta fara zamewa: ka taka totur inji ya yi ƙara, mota ba ta ja ba. A lokacin faiba sun riga sun cinye, garinsu ya cika man, wannan garin ne ma ke ɗan taimaka musu su kama. Aka zubar da shi aka sa mai tsabta, sai ragowar kamun ya tafi, mota ta zauna. Sai a ce juye ne ya kashe ta, alhali da ma a bakin gargara aka kawo ta.

Na biyu, yadda ake juyen. Akwai masu haɗa na'ura su tura mai da ƙarfi, wasu har da sinadarin wanki. A tsohuwar giya wannan na iya tayar da datti ya je ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Ni ba na yi wa tsohuwar mota haka. Na uku kuma shi ne wanda muke kai: an yi juye, amma da man da ba nata ba. Shi ma juye ake ɗora wa laifin.

Ta Baban Hanifa ba ta zamewa, man bai yi baƙi ƙirin ba, babu ƙauri. Jinkirin safe kawai take yi. Irin wannan ita ce ke amfana da sabon mai. Man giya na tsufa, zafi na cinye sinadaransa, kuma motar iyali ta fi ƙaramar mota wahalar da shi: jiki mai nauyi, mutum bakwai ko takwas, kaya a baya, ga tsaye-tsaye a cunkoso. In aka bar shi haka, ranar da zai yi ƙauri tana tafe, kuma a ranar ni ma zan ce a bar shi a fara tanadin gyaran giya.

Alhaji Tsohon Direba:
Na ji bayaninka, kuma akwai gaskiya a ciki, don waɗanda na gani ɗin yawanci sai da suka fara ciwo aka kai su. Amma sharaɗina ɗaya: kada a sa mata na'urar nan. A kwance ƙusa, abin da ya fito ya fito. Kuma ɗana ka tsaya a kan motarka har a gama, kada ka ba da makulli ka tafi.

Injiniya:
Ku ba ni dama in kawo wani ɓangaren, don na ga an yi watsi da roba ta huɗu kamar guba ce. Ni shekara shida ina zuba irin man nan na motoci da yawa a motata, daga wani babban kamfani, kuma giyata ba ta taɓa yin tari ba. Kamfanonin mota ba su da matatar mai, wasu ne ke haɗa musu su liƙa sunansu. T-IV yana da lambar ƙa'ida, JWS 3309, WS kuma JWS 3324. Mobil na da ATF 3309, Aisin da ke ƙera wa Toyota giyoyi tana sayar da nata T-IV da WS, Idemitsu ma haka. To me ya sa za a tsorata mutum cewa in ba robar Toyota ba giyarsa za ta mutu?

Malam Bakanike:
Injiniya, abu biyu ka haɗa a wuri ɗaya, bari mu raba su. Waɗanda ka lissafa, Mobil 3309 da na Aisin da na Idemitsu, kowanne an yi shi ne a kan ƙa'ida guda. Ba ni da ja a kansu ko kaɗan, in Baban Hanifa ya samu na gaske a cikinsu mai ƙa'idar T-IV ya zuba, hankali kwance. Ban taɓa cewa sai robar Toyota ba.

Wanda nake ja da shi shi ne robar da za ka juya bayanta ka ga sunaye sun fi talatin: T-IV, WS, DW-1, ATF+4, SP-III, Mercon V, duk a jere. Mun riga mun ce T-IV da WS kaurinsu ba ɗaya ba ne. Ruwan da ke cikin robar nan kauri ɗaya gare shi. Dole ya fi kusa da ɗaya ya yi nesa da ɗayan, ko ya tsaya a tsakiya bai cika wa kowa ba. Sannan ka karanta kalmomin da kyau. Akwai bambanci tsakanin mai man ya ce a ganinsa ya dace da giya kaza, da kuma a ce wanda ya ƙera giyar ya gwada ya ba da lasisi.

Injiniya:
Na yarda da rabewar, amma ban yarda cewa na tsakiyar ba ya aiki ba. Manyan kamfanonin nan suna gwaji, ba da ka suke rubutawa ba. Kuma shaidata ita ce motata.

Malam Bakanike:
Ban ce ba ya aiki ba, kuma ban raina shaidarka ba. Wanda ke wurin da babu na ƙa'idar, ya samu na babban kamfani da ya ambaci giyarsa, ya fi masa barin ruɓaɓɓen mai a ciki. Amma Baban Hanifa ga T-IV a gabansa a kan tebur. Ban ga dalilin da zai sa ya tsallake wanda aka rubuta a gejinsa ya ɗauki mai kama da shi ba, ga iyali a mota.

Kawun Yara:
Ni dai Dodge Grand Caravan gare ni, kuma abin da ya same ni ya sa ba na wasa da wannan magana. Wani yaro a wani gareji ya yi min juye da Dexron, ban sani ba, don na bar masa motar na tafi. Bayan 'yan kwanaki, duk lokacin da na kai matsakaicin gudu na ɗan sassauta ƙafa, sai in ji motar na karkarwa ta ƙarƙashin kujera. Na canja fulogi, na sa aka duba tayoyi, abin na nan. Sai da na koma na ce ya nuna min robar da ya zuba, ya ɗauko ta daga kwandon shara. Motocin Chrysler da Dodge irin tawa ATF+4 suke sha, an rubuta ƙarara a littafi. Sau uku aka yi min juye da ATF+4 kafin karkarwar ta ɗauke. Allah ya taimake ni na gano da wuri.

Maman Sadik:
Kawu, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma tun da na fahimci abin, da kaina nake sayen man in kai, a buɗe robar a gabana. Kuma ina duba hatimin murfin, don jabu ya yi yawa, har da masu cika tsohuwar roba da wani man su mayar da murfi. In na ga murfi ya taɓa buɗuwa ko rubutun jikin robar ya yi dishi-dishi, ba na ɗauka.

Abban Gida:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Tawa Nissan Quest ce ta 2012. Ni ma cikin waɗannan zan zaɓa?

Malam Bakanike:
A'a Abban Gida, kada ka kusanci ko ɗaya daga cikinsu. Quest daga 2011 giyar CVT gare ta, ba ta da lambobi irin na sauran. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fule biyu masu buɗewa da tsukewa, kuma man ne ke sa bel ɗin ya kama fulen. Ka zuba mata man otomatik na yau da kullum, bel ya fara zamewa ya kankare fuskar fule, wannan ɓarnar juye ba ya gyara ta. Nissan na da nata man CVT, NS-2 da NS-3, ka duba littafinka ka ga wanda aka rubuta wa taka. Ba ja ba ne ma, kore-kore ne.

Tunda an buɗe wannan ƙofar: masu Kia Sedona, mai lamba biyar SP-III, mai lamba shida SP-IV. Masu Volkswagen Sharan ko Ford Galaxy mai giyar hannu, naku ba ya cikin wannan layin gaba ɗaya, kuma in littafi ya ce GL-4 kada a ba ku GL-5 a ce ya fi, don sinadarinsa na iya cin zoben tagullar da ke daidaita shigar giya. Sharan mai giyar otomatik ta DSG lamba shida kuma nata man daban ne, ana canja shi da filta duk kilomita 60,000.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai. To Malam, na tsaya a kan T-IV. Lita nawa zan saya, kuma me zan sa wa ido a wurin juyen? Ina so in je da sanina.

Malam Bakanike:
Giyarka na ɗaukar kusan lita 9 gaba ɗaya, amma in an kwance ƙusar ƙasa abin da zai fito bai wuce uku da rabi zuwa huɗu ba. Sauran na cikin kwanbata da hanyoyin mai da wurin sanyaya shi. Wato juye ɗaya zai bar maka wajen kashi 60 cikin ɗari na tsohon. In ka sake, ya sauko kusan 37, a na uku kusan 23. Shi ya sa Kawu sai da ya yi sau uku. Ka sayi lita huɗu yanzu, ka yi na farko, ka hau ta mako ɗaya ko biyu kana saurarenta, in komai lafiya ka yi na biyu kafin tafiyarku. Wannan a-hankali-a-hankalin shi ne kuma amsar damuwar Baba Alhaji.

A wurin aikin, a tari man a roba mai awo, abin da ya fito shi za a mayar, ba a kintata ba. Ka sa a sa sabuwar wosha a ƙusar. Ka dubi man da ya fito a rana: in ka ga yana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe, ko ya yi kalar ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da ruwa, ka tsaya ka sanar da ni. Na biyun alama ce ruwan lagireto na shiga cikin man, kuma wannan ba maganar juye ba ce, sai an gyara inda yake shiga. In za a sauke kaskon ƙasa a canja filta, za ka ga maganaɗisu a ciki. Laushin baƙin gari a jikinsu ba komai ba ne, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro.

Awo kuma: ka zaga da ita ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ƙafa a kan birki ka bi da giyar kowane matsayi ka dawo P, sannan a zaro geji, man ya tsaya a tsakanin alamomin zafi. Kada ka yarda a ƙara maka "don ya ƙoshi". In ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuma ba ta matse faiba.

In taka mai jan ƙafa huɗu ce, akwai wasu wurare biyu a ƙasa masu shan man giya mai kauri, ba T-IV ba, kada a haɗa su da wannan.

Maman Sadik:
Masu Honda kada ku bi wannan awon. Tamu sai an kashe inji ake zaro geji, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 bayan kashewa. Na taɓa gardama da wani a kan haka sai da na buɗe masa littafin.

Injiniya:
Masu Sienna daga 2011 kuma babu gejin ma sam. Ta ƙusar gefe ake zubawa, a daidaita ta bututun da ke cikin ƙusar ƙasa, kuma sai zafin man yana tsakanin digiri 40 zuwa 45 a mai lamba shida, da na'urar gwaji ake ganin zafin. Wanda ba shi da na'urar kada a ba shi aikin. Kuma rashin geji ba ya nufin man ba ya tsufa, ko a jadawalin Toyota motar da ke jan kaya ana canja mata WS a mil 60,000, wajen kilomita 96,000 ke nan.

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Na samu T-IV mai hatimi, na tsaya a kan motar kamar yadda Baba Alhaji ya ce, ba a sa mata na'ura ba. Lita uku da rabi ya fito, muka mayar da uku da rabi. Da na ɗaga tsohon man a rana babu ƙyalli, babu ruwa, duhu ne kawai. Kwana uku na farko ban ji wani bambanci ba, har na fara tunanin ko asarar kuɗi na yi. Daga baya bugun safen ya ragu sosai, jinkirin kuma yana nan amma bai kai na da ba. Na sake duba geji jiya da zafinta, yana daidai, launin ya koma ja mai duhu. Jibi zan yi na biyu in sha Allahu.

Malam, filtar fa? A wannan karon zan sa a sauke kaskon, ko in bari sai mun dawo daga tafiya?

Malam Bakanike:
Madalla, haka ake so. Ka sauke shi a wannan karon, tunda saura mako biyu ku tashi, ka samu kwanakin da za ka ga ko gasket ɗin na tsatsafo. Ka sayi lita biyar, don in an sauke kasko abin da ke fita ya fi na farko. A ɗaure ƙusoshin kaskon a hankali, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, in an matse su da ƙarfi bakin kaskon lanƙwashewa yake yi. Ka ɗauko min hoton maganaɗisun kafin a wanke su.

Alhaji Tsohon Direba:
Ragowar man ka sa a bayan mota ranar tafiyar, da mazurari da farin ƙyalle. In kun yi nisa kun tsaya hutawa ka leƙa ƙarƙashinta ka ga ko akwai ɗigo. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.